Ƙoƙon Kan Mutanen Da

In ka je kasuwar Kazaure ko ta Ɓaɓura sayen gero, da mudu za a auna maka. To, masana kuma da irin wannan dabara suka fara auna ƙwaƙwalwar waɗansu halittu masu kama da mutane, waɗanda suka ƙare tun zamanin da. Ƙwaƙwalwa nama ce, ta kan ruɓe, amma ƙoƙon kai ya kan daɗe. Sai su ɗura ƙwayar gero a cikinsa har ya cika, sa'an nan su juye su auna. Yanzu kuwa da na'urar ɗaukar hoton cikin ƙashi su ke yi. Har wa yau cikin ƙoƙon ya kan nuna siffar ƙwaƙwalwa, kamar yadda malmalar tuwo ta kan ɗauki siffar ƙoƙon da aka mulmula ta.

A 2001 aka tsinci wani ƙoƙon kai a hamadar Cadi, aka sa masa suna Tumai. Masana sun ce ya kai wajen shekara miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi cikin kwalbar lemo ɗaya ba, tamu kuwa kusan kwalba huɗu ce.

Amma kada ka ce girma shi ne kome. Akwai waɗansu da a ke kira Niyandatal, sun zauna ƙasashen Turai da yammacin Asiya. Ƙwaƙwalwar yawancinsu ta kai tamu, ta waɗansu ma ta fi. Duk da haka sun ƙare wajen shekara 40,000 da suka wuce. Inda muka bambanta sosai shi ne siffa: nasu ƙoƙon dogo ne, mai gajeren goshi, ya miƙe baya kamar ƙwai, namu kuwa mai tudun goshi ne, kewayayye kamar ƙwarya.

Ko a Nijeriya an sami mai kama da wannan. A 1965 wani Bature, Thurstan Shaw, ya tono ƙasusuwan mutum a kogon Iwo Eleru, kusa da Akure. Shekarunsa wajen 13,000 ne kaɗai, amma ƙoƙon kansa dogo ne irin na da.

Saboda haka in ka ga mutum mai ƙaton kai, ko mai ƙarami, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Mudu ya kan gaya maka yawan hatsi, amma ba ya gaya maka kyansa. Hankalin mutum a aikinsa a ke gane shi.