Dalilin da Ya Sa Buhu Kaɗan Ya Fi Tsada a Masana'anta

Duk lokacin da kaka ta gabato, sai mutane a Dawanau su riƙa tambayarmu: don me wanda ya ba da aikin buhu 1,000 mai sunansa a jiki yake sayen kowane ɗaya da tsada fiye da wanda ya ba da 20,000, alhali kuwa buhun iri ɗaya ne? Wasu har cewa suke yi cuta ce. To, ba cuta a ciki, lissafi ne.

Shi buhun leda daga ƙwayar roba ake yin sa, ita kuwa daga man fetur take fitowa. A narka ta, a ja ta zare-zare, inji ya saƙa, a yanka, a ɗinke gindi. Kuɗin roba da na saƙa yawan buhu yake bi, wannan ba gardama. Amma akwai wani kuɗin da ba ruwansa da yawa ko kaɗan. Sai an yi hatimin sunanka, kuma kowane launi da nasa hatimin. Sai an tsai da inji, an wanke tawadar mai aikin baya, an daidaita faɗi. Buhunan farko ma lalacewa suke yi kafin rubutu ya zauna sosai.

Misali kawai, mu ce duk wannan ya ci naira 100,000. In buhu 1,000 ka ba da, kowane ɗaya ya ɗauki naira 100, watau naira biyu da rabi ke nan a kan kowane kwano, in buhun mai cin kwano 40 ne. In kuwa 20,000 ne, naira 5 kacal ta hau kowane buhu.

Sai dai kada araha ta ruɗe mu. Mun taɓa yin wannan ganganci: muka zuba jari a dilolin buhu, gero ya faɗo ba kuɗin saye a hannu. Ragowar da muka bari a rana kuwa, kafin wata kaka ta zagayo ta ruɓe, da an ɗaga sai ta yage. Ga kuma ɓarnar ɓera.

Mai ƙaramin ƙarfi, shawararmu ya sayi buhu fari marar rubutu, ya sa alamarsa da fenti. Ko kuwa mutum biyar ko shida 'yan layi ɗaya su haɗa aiki guda, faɗi ɗaya, launi ɗaya. Kuma a tambayi masana'anta tun farko ko za ta ajiye hatimin, don kada baɗi a sake biyan kuɗinsa.