Kabarin Yaron Da Aka Harbe Da Asuba

Duk wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni ya nufi wajen bariki, da wuya ya rasa gamuwa da kurata, kai a aske ƙwal, suna tafe cikin sahu. Tun shekarar 1924 ake horad da sababbin soja a Zariya, har abin ya zama jiki, ba mai waiwayensu. Amma in mutum ya tsaya ya dube su da kyau, sai ya ga yawancinsu yara ne, waɗansu ko gemu bai tsiro musu ba. Labarinmu na yau na wani yaro ne irinsu. Ba ɗan ƙasar nan ba ne, amma baƙin mutum ne ɗan'uwanmu, kuma ƙarƙashin tutar da kakanninmu suka yi yaƙi shi ma ya yi.

Sunansa Herbert Morris, mutumin tsibirin Jamaika, inda yawancin jama'a jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko Ingila ta ɗebi soja fiye da 15,000 daga tsibiran nan, Morris kuwa ya shiga yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka. A 1917 aka kai bataliyarsu, watau ta 6, wajen garin Ypres a ƙasar Beljiyam. A wannan fage ba a yarda baƙar fata na tsibiran nan su yi gaba da gaba da Jamus ba, sai aka sa su aikin ƙarfi, suna ɗaukar harsasan manyan igwa suna kai wa masu harbi. Kada mai karatu ya zaci wannan sauƙi ne. Inda igwa take nan abokan gaba ke auna tasu igwar, dare da rana, ga shi mai dako ba shi da abin ramawa.

Cikin watan Agusta yaron nan ya bar wurin aikinsa ba da izini ba, aka kama shi a Boulogne, bakin teku a ƙasar Faransa. Dā ma ya taɓa yin haka an hore shi. Da aka gurfanad da shi gaban kotun soja, abin da ya faɗa kaɗan ne: ya ce kansa na damunsa, ba ya iya jure ƙarar igwa, ya je wurin likita ba a ba shi magani ba. Likitocin zamanin nan sun san wannan ciwo sarai, firgita ce da ke kama ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe cikin ruwan wuta, har jarumi ya riƙa makyarkyata kamar mai zazzaɓi. A wancan zamani manyan hafsoshi da yawa ragwanci suka ɗauke shi. Aka yanke masa hukuncin kisa, Babban Kwamanda Sir Douglas Haig ya tabbatar. Ran 20 ga Satumba, 1917, da asuba, aka harbe shi a garin Poperinge. Shekarunsa 17.

Kabarinsa na nan a sabuwar maƙabartar soja ta Poperinge, inda aka binne mutum 17 da aka yi wa irin wannan hukunci. Farin dutse ne daidai da na kowa, da sunansa, da lambarsa, da rundunarsa, da ranar rasuwa. Ba a rubuta yadda ya mutu ba, don hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙi bambanta tsakanin matattu. Kabari ɗaya ne aka sani ya saɓa wa haka, na wani Albert Ingham a Faransa, wanda mahaifinsa ya nace sai an sassaƙa a dutsen cewa harbe ɗansa aka yi da asuba, kuma ɗa ne da bai kunyata ubansa ba. A gidan hukumar garin Poperinge kuwa an bar ɗakunan da ake tsare waɗanda za a harbe, baƙi na zuwa suna gani.

Kotunan sojan Ingila sun yanke hukuncin kisa fiye da 3,000 cikin yaƙin nan, aka zartas da 346. Mu faɗi gaskiya, runduna ba ta tsayuwa sai da horo, kuma wanda ya gudu ya bar wa abokinsa kayan mutum biyu. Amma shari'ar da ake gamawa cikin ɗan lokaci, sau da yawa ba mai kāre wanda ake tuhuma, a kan yaron da ya ce kansa ba lafiya, ba mu ga yadda za a kira ta adalci ba. Ingila da kanta ta soke kisa a kan gudu daga fagen fama a 1930. Iyalan mamatan kuwa sun sha kunya shekara da shekaru, garuruwa da yawa suka ƙi sa sunayensu cikin duwatsun tunawa.

A 2001 aka kafa musu wurin tunawa na kansu a Alrewas, cikin lardin Staffordshire. Siffar wani yaro ce, an ɗaure masa idanu, hannuwansa a baya, aka kewaye shi da turaku 306, kowane turke da sunan mutum guda. An ɗauko siffar daga Herbert Burden, ɗan Ingila, shi ma mai shekara 17, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, aka harbe shi ran 21 ga Yuli, 1915. Shi ko kabarinsa ba a sani ba. An kafa wurin ta gabas, inda hasken alfijir ke fara sauka. A watan Nuwamba 2006 Majalisar Ingila ta yi doka ta yafe wa mutum 306 ɗin nan, bayan 'yar wani daga cikinsu, Harry Farr, ta kai ƙara tana tsohuwa tukuf. Sai dai afuwa ce kurum, ba a soke hukuncin ba.

To, ina namu? Cikin jerin waɗanda aka harbe akwai sojan Rundunar Nijeriya guda, Samuel Sabongida, na bataliya ta 3, a 1917. Duk Bahaushen da ya ji sunan nan ya san inda aka samo shi, gama al'adar bariki ce a rubuta kurtu da sunan garinsu, wane Kano, wane Zariya, wane Sabon Gida. Da haka sunan uba ya ɓace, neman dangi ya yi wuya. Sojanmu sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, su Garwa da dutsen Mora, sa'an nan aka kai su Afirka ta Gabas, inda da yawa suka kwanta a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Galibinsu ba a kafa musu dutse a kan kabari ba, sai aka tara sunaye a wuraren tunawa, ɗaya a nan Zariya, waɗansu a Lakwaja da Ibadan da Kalaba.

Wannan ma ba kowa ya samu ba. A watan Afrilu 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta fid da rahoton bincike, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba, ko ba a tuna da su sam ba. Rahoton ya kawo maganar Gwamnan Gwalkwas na 1923, wanda ya ce wai baƙin mutum ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan Tsaron Ingila, Ben Wallace, ya tashi a Majalisa ya ba da haƙuri.

Gaskiya ne mu Musulmi ba mu saba ƙawata kabari ba, tudun ƙasa da 'yar alama sun ishe mu. Amma mu ne mutanen da maroƙi ke jero wa kakanni bakwai a ƙofar fada, ba wanda zai ce ba mu san darajar suna ba. A cikin birnin nan akwai gidajen da har yanzu ke ajiye da lambar yaƙi ko takardar sallama ta wani kaka a ƙasan adaka. Muna roƙon malaman makaranta su sa almajiransu su tambayi tsofaffi a gida, su rubuta sunan sojan, da na ubansa, da unguwarsu, da yaƙin da ya je, da ko ya komo. Akawuna kuma da ke kusa da tsofaffin takardun ofis, in sun ci karo da irin waɗannan sunaye, su kwafe su aiko wa Edita, za mu buga.