Halin da ke korar mutane

A ƙauye akan sami mutumin da in ya iso dandali sai hira ta mutu. Ranar gayyarsa mutane kaɗan ke fitowa. Sau da yawa bai san dalili ba, domin babu mai iya faɗa masa.

Ku karanta labarin Nabal a 1 Sama'ila sura 25. Yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Mutanen Dawuda sun tsare makiyayansa a jeji, amma da suka roƙi abinci lokacin sausayar tumaki, sai ya sallame su da baƙar magana. Dawuda ya taso da mutum 400 riƙe da takuba. Baran da ya hango masifar bai je wurin maigida ba, sai ya sanar da uwargida Abigel, don ya san Nabal ba ya sauraron kowa. Ita ce ta tari Dawuda da abinci da tattausar magana, gidan ya tsira.

Nabal yana da rowa, da rashin godiya, da kaushin baki. Mafi muni shi ne ƙin sauraro, domin shi ke toshe hanyar gyara sauran. Wanda ba a iya yi wa gargaɗi, mutane sukan janye jiki su bar shi da halinsa.

Ku tattauna a ƙungiyarku:

• Wa ke iya gaya mini kuskurena ba tare da tsoro ba?
• Yaya za mu gargaɗi ɗan'uwa a keɓe, ba a bayan idonsa ba?