Ingila: Lambar mota ta zama haja

A ƙasar Ingila, lambar da ake liƙa wa mota dukiya ce da ake saye da sayarwa, har ma a bar wa magada. Wani lokaci kuɗinta kan fi na motar kanta.

Tsarin lambobin da ake aiki da shi a can ya fara ne ranar 1 ga watan Satumba na shekara ta 2001. Kowace lamba tana da baƙaƙe biyu, da alƙaluma biyu, da baƙaƙe uku na ƙarshe. Baƙin farko yana nuna yankin da aka yi rajistar motar: L na Landan ne, B na Birmingham, M na Manchester. Alƙaluman kuwa suna faɗin shekarun motar. Wadda aka yi wa rajista daga watan Maris na 2024 tana ɗauke da 24, ta watan Satumba kuma 74, wato an ƙara 50.

Daga nan ne masu wayo suka gano kasuwa. A ido, 5 ya yi kama da S, 4 da A, 1 da I. Ke nan lambar da ta fara da MU54 ana iya karanta ta “Musa”. Mai wannan suna zai so ta, kamar yadda ɗan kasuwa ke son lambar da ke tuna wa jama'a sunan kantinsa, domin talla ce mai yawo da ƙafafunta.

Hukumar rajistar motoci, DVLA, ita ce babbar mai sayarwa tun shekara ta 1989, kuɗin kuma suna shiga baitulmali. Lambobin sabon tsari suna farawa daga fam 250, kusan jikka 190 na sefa, abin da ƙaramin ma'aikaci ke iya biya. Manyan kuɗi suna ga tsofaffin lambobi gajeru, waɗanda ba su nuna shekara. A 2014 an yi gwanjon “25 O” a kan fam 518.000, sama da miliyan 400 na sefa, wani dillalin motocin Ferrari ya saye ta.

Sai dai doka ta yi wa cinikin shinge. Ba a yarda a saka wa tsohuwar mota lambar da za ta mayar da ita sabuwa ba: motar 2003 ba ta ɗaukar 54. Wanda kuma ya matsa baƙaƙe ko ya sauya siffarsu don suna ya fito sosai, ana iya cin sa tara har fam 1.000. Mayar da lamba daga wata mota zuwa wata yana cin fam 80.

To, shin jari ne? Darajar lamba tana ga abu biyu: ta karantu ba tare da an yi bayani ba, kuma masu neman ta su yi yawa. Suna sananne yana samun mai saye. Amma baƙaƙen da mai su kaɗai ya san ma'anarsu, ranar sayarwa da wuya su mayar da uwar kuɗi, ga shi sau biyu a shekara hukuma na fito da sababbi masu ɗimbin yawa. Wanda ya saya don marmari ya biya bukatarsa. Wanda ya saya don riba, sai ya tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.