Yadda ake zaɓen amfilifaya mara nauyi da na'urorin ƙawata sauti don gitar sitil

In ban da mai ganguna, babu wanda ya kai makaɗin gitar sitil mai feda dakon kaya a ƙungiyar mawaƙa. Gitar mai wuya biyu, idan an haɗa da akwatinta, takan kai kilo 25 zuwa 30. Ga kujera, ga wayoyi, sannan ga amfilifaya. Shekara da shekaru, amfilifayar da aka fi gani a bayan waɗannan makaɗa ita ce Peavey Nashville 400 mai nauyin kusan kilo 27, ko Fender Twin Reverb mai kilo 29. Da yawa daga cikin masu kaɗa wannan gita a Amurka dattawa ne, kuma ciwon baya kan raba mutum da dandali alhali hannunsa bai gaji da kiɗa ba. Wannan ya sa batun rage nauyi ya zama babban zance a tsakaninsu.

Ga wanda bai santa ba, gitar sitil a kwance take, tsirkiyoyinta na kallon sama. Makaɗi yana zaune, yana goga ɗan sandan ƙarfe a kan tsirkiyoyin maimakon danna su da yatsu. Asalinta tsibirin Hawai ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma samfurin mai feda ya bunƙasa a birnin Nashbil na Amurka a shekarun 1950. Masu sauraron kiɗan juju a Najeriya sun san muryarta ta hannun Demola Adepoju, wanda ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade.

Me ya sa take buƙatar amfilifaya mai ƙarfi?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafar dama. A nan ne fedar ƙarar sauti take. Makaɗi yakan riƙe ta a wajen rabi lokacin da ya taɓa tsirkiya, sai ya riƙa danna ta a hankali yayin da sautin ke mutuwa, don ya ja shi ya yi tsawo. Wannan dogon kukan da ake son gitar dominsa daga nan yake fitowa. Ma'ana, dole amfilifaya ta kasance da rarar ƙarfi a ajiye, wanda za a taɓa a ƙarshen feda ba tare da sauti ya tsage ba.

Mai gita ta yau da kullum sau da yawa yana son wannan tsagewar, har neman ta yake yi. Mai sitil kuwa yana kaɗa tsirkiya uku ko huɗu tare, yana kuma sauya muryar ɗaya ko biyu da feda yayin da sauran ke tsaye. Da zarar amfilifaya ta fara shaƙewa, muryoyin sai su cuɗe, a ji wani gurnani mara daɗi a ƙarƙashinsu. Ƙari a kan haka, fikof ɗinta, wato ɗan maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, ya fi na sauran gitoci zafi: nasa yakan kai om dubu 16 zuwa 20, na Stratocaster kuwa wajen dubu 6. Sannan wuyan da ake kira C6 yana sauka har Hz 65, ƙasa da Hz 82 inda gita ta yau da kullum ke tsayawa, kuma sauti mai kauri ya fi cin wuta.

Dalilin ke nan kamfanin Peavey ya fito da Session 400 a 1974, mai wat 200 da sifika mai inci 15. Ita ta zama ma'aunin da ake gwada saura da shi.

Inda nauyin yake

Nauyin tsohuwar amfilifaya a wuri uku yake: taransifoma, maganaɗisun sifika, da katakon akwati. Duk ukun an samu hanyar rage su.

Tsohon tsari, wanda ake kira aji AB, yana ɓarnar kusan rabin wutar da ya ja ta zama zafi, don haka yana buƙatar ƙatuwar taransifoma da faffaɗan ƙarfen sanyaya shi. Tsarin aji D yana kunnawa da kashe taransisto sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wutar yana isa ga sifika. Idan aka haɗa shi da ƙaramin tsarin wuta irin na cajar kwamfuta, taransifomar mai nauyi ta tafi ke nan. Quilter Tone Block 202 tana bayar da wat 200, amma ba ta kai kilo 2 ba, tana shiga jakar goyo. Wanda ya ƙera ta, Patrick Quilter, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin QSC mai yin manyan amfilifayoyin dandali.

A ɓangaren sifika, maganaɗisun niyodimiyam ya maye gurbin na da. Ɗan ƙarami ne amma yana da ƙarfin babba. Eminence EPS-15C, wadda aka yi musamman don gitar sitil, inci 15 ce mai ɗaukar wat 300, kuma ba ta kai kilo 4 ba.

Misalin da ya fi nuna bambancin shi ne Tone Master Twin Reverb da Fender ya fitar a 2019. Kamanninta ɗaya da tsohuwar Twin, amma babu kwalaben lantarki a ciki. Kwamfuta ce ke kwaikwayon sautinsu, amfilifayar aji D mai wat 200 tana tura sifika biyu na niyodimiyam, akwatin kuma na katako ne mara nauyi. Daga kilo 29 ta dawo 15. Tana da mafitar XLR da za a haɗa kai tsaye da na'urar sautin zaure, da maɓallin rage ƙarfi har zuwa wat 1 don atisaye a ɗaki. Masu tsohon kunne suna cewa ba ta da laushin ta kwalabe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu idan mutum yana ɗaki shi kaɗai yana saurare. A cikin hayaniyar ganguna da bas, kaɗan ne za su iya bambancewa.

Lambar wat tana ruɗi

Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Sai an ninka sau 10 kafin a ji kamar ƙara ta ninka. Saboda haka sifika mai saurin amsawa, wadda ta fi wata da desibel 3, daidai take da ninka ƙarfin amfilifaya kyauta. Haka kuma a duba a kan om nawa aka auna ƙarfin. Amfilifayar da aka rubuta wat 200 a om 4 tana iya bayar da kusan rabin haka idan aka sa mata sifika mai om 8.

Wanda ke kaɗa wuyan E9 kawai, a ƙaramin zaure ko inda za a sa makirufo a gaban sifika, wat 80 zuwa 100 da sifika mai inci 12 sun ishe shi. Peavey Nashville 112 mai wat 80 da kilo 19 don irinsa aka yi ta. Boss Katana 100, duk da cewa ba don sitil aka ƙera ta ba, kilo 15 ce, farashinta da sauƙi, kuma masu koyo da dama suna farawa da ita. Mai kaɗa C6, ko mai zama kusa da mai ganguna mai nauyin hannu, ya nemi wat 200, kuma inci 15 ya fi masa.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa wajen saye, shi ne maɓallin muryar tsakiya. Gitar sitil tana da wani sauti kamar na mai magana ta hanci a wajen Hz 800. Amfilifayoyin Peavey suna da maɓalli biyu don wannan: ɗaya na zaɓar inda za a rage, ɗaya na yawan abin da za a rage. Ƙaramar amfilifaya da ba ta bari a taɓa wannan wuri za ta gajiyar da kunne, kome yawan wat ɗinta.

Na'urorin ƙawata sauti

A nan ba a buƙatar tarkace. Biyu ne ginshiƙi: amon ɗaki, wanda ake rubuta Reverb a jikin na'ura, da amsa-kuwwa, wato Delay. Yawancin makaɗa sukan sa amsa-kuwwa a wajen kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa, maimaici ɗaya ko biyu, a can ƙasa yadda sai an kashe ta za a gane tana nan. Boss DD-3 da RV-6 sun wadatar, kuma idan amfilifayar tana da amon ɗaki mai kyau a cikinta, an huta da na'ura ɗaya.

Jerin haɗawa yana da muhimmanci. Waɗannan biyun bayan fedar ƙara suke zama, don jelar sauti ta ci gaba ko an ɗage ƙafa. Na'urar tsaga sauti kuwa, ga mai son salon rok ko bulus, gaban feda take zama, in ba haka ba yawan tsagewar zai riƙa sauyawa da motsin ƙafa. Fedar ƙarar kanta iri biyu ce. Ta gargajiya, irin ta Goodrich, ba ta cin wuta amma tana iya dusashe sauti idan wayoyi sun yi tsawo, shi ya sa ake haɗa ta da ɗan akwatin ƙarfafa sigina kamar Matchbox. Ta Hilton da haske take aiki, ba ta ƙarar tsufa, sai dai tana buƙatar soket.

Tunda ƙafar hagu tana kan fedoji, ta dama tana kan ƙara, gwiwoyi kuma suna tura libobi, babu ƙafar da ta rage don taka na'ura. Da hannu ake kunna su, a maƙale a ƙafar gitar ko a kan ɗan teburi a gefe. Saboda haka na'ura mai maɓallan murɗawa a fili ta fi mai dogon jerin zaɓi a allo, ko da ta biyun ta fi iya abubuwa. Wanda ya zaɓi tafiya da Line 6 HX Stomp kaɗai, ba amfilifaya, ya rage kaya sosai, amma ya miƙa jin kansa ga injiniyan sauti, kuma gitar da ba ta da ginshiƙan da ke tsayar da murya ba ta kaɗuwa daidai idan makaɗi ba ya jin kansa.

Mai sayen na hannu daga Amurka ya leƙa bayan amfilifaya kafin ya jona. Wutar can bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Tone Block 202 tana karɓar kowacce daga 100 zuwa 240, amma tsohuwar Nashville 400 ta kasuwar Amurka sai an haɗa ta da taransifomar rage wuta, wadda ita ma ƙarin kilo ce a cikin kaya.