Inda Aikin Unguwarku Ke Maƙalewa Tsakanin Gidan Gwamnati Da Sakatariya

Da zarar an tashi daga taron majalisar zartarwa ta jiha, kwamishinan yaɗa labarai yakan fito gaban 'yan jarida ya jero ayyukan da aka amince da su: titi a gari kaza, gyaran asibiti a gari kaza, rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka kaza. Da yamma gidajen rediyo su ɗauka. Waɗanda aka ambaci garinsu su yi ta murna, wasu har a haɗa tawaga a cika mota a tafi godiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba a ga ko tifa ɗaya ta yashi ba. Daga nan sai a huce a kan kansila, wanda sau da yawa shi ma a rediyon ya ji labarin.

Ba kullum ne aka shirga ƙarya ba. Amincewar da aka sanar mataki ɗaya ce cikin matakai da yawa, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Wanda bai san matakan nan ba zai yi ta godiya a kan abin da bai zo hannu ba, ya kai kuka inda ba a da maganinsa, ya kuma ba wa ɗan kamasho kuɗi a kan abin da yake haƙƙinsa ne. Gwamnati da takarda take aiki. Maganar da aka yi a kan duro ranar kamfen, ko a falon shugaban ƙaramar hukuma da dare, ba ta da lamba a fayil, kuma abin da ba shi da lamba babu ma'ajin da zai biya shi.

Komai daga kasafin kuɗi yake farawa. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana kamawa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, amma tun a tsakiyar shekarar da ta gabace ta ake fara shiri. Ma'aikatar kasafi da tsare-tsare takan aika wa kowace ma'aikata da hukuma takardar su kawo buƙatunsu, a zauna a rage wannan a ƙara wancan, sannan a watannin ƙarshe na shekara gwamna ya kai kundin gaban majalisar dokoki. Kwamitocin majalisa su kira kwamishinoni da manyan sakatarori kowa ya kare nasa, a zartar, gwamna ya sa hannu ya zama doka. Sashe na 120 na tsarin mulkin 1999 ya hana a taɓa kuɗin baitulmalin jiha sai da izinin irin wannan doka. Ke nan idan kwalbatin unguwarku ba ta shiga kundin ba, ba ta da gurbi a wannan shekara, sai dai in an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi daga baya. Mutanenmu kuwa sai a watan Maris ko Afrilu, idan zafi ya matsa rijiyoyi suka ƙafe, suke tuna kai koke. Wannan ihu ne bayan hari. Lokacin matsa lamba shi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da ake rubuta kundin, da kuma ranar da majalisa ta buɗe zauren jin ra'ayin jama'a.

Shiga kasafi ma ba shi ne samun kuɗi ba. Kasafi hasashe ne na abin da ake sa ran zai shigo. Kafin aiki ya tashi, sai ma'aikatar da abin ya shafa ta rubuta takardar neman izini, gwamna ya sa hannu ko a kai majalisar zartarwa idan kuɗin ya yi yawa. A nan ne ake samun amincewar da kuke ji a rediyo. Bayan ita akwai hukumar tantance kwangiloli, da tallata aikin, da zaɓen ɗan kwangila, da rattaba hannu a yarjejeniya. Sannan a zo inda gizo ke saƙa, wato sakin kuɗi daga ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar. Abin da ya shigo a wata, albashi da fansho da biyan bashi su ke fara ci, ragowar ake raba wa ayyuka, kuma wanda ya fi uwa a gindin murhu shi ake fara sallama. Aiki na iya samun amincewa a watan Fabrairu ya kai Disamba ba a saki ko sisi ba, shekara ta ƙare, a sake dawo da shi cikin sabon kasafi, a sake sanar da shi kamar sabo.

Don haka idan ɗan siyasa ya ce muku an amince, ku yi masa godiya, sannan ku tambaye shi a shafi na nawa aikin yake cikin kasafin bana, wane kamfani aka ba, nawa aka saki zuwa yanzu. Wanda ke da gaskiya ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. Kuma ba sai kun jira amsarsa ba. Tun da Bankin Duniya ya kawo wani shiri a 2018 da ya riƙa ba jihohi tukuicin kuɗi idan suka bayyana lissafinsu, yawancinsu suna sa kasafinsu a intanet, haɗe da rahoton abin da aka kashe duk bayan wata uku. Ɗalibi ɗaya mai waya a unguwa ya isa ya sauko da shi ya karanta wa dattawa bayan sallar la'asar.

A ƙaramar hukuma lamarin ya fi ɗaure kai. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce. Tsarin ya samo asali daga garambawul na 1976 wanda ya maye gurbin En'e. Dattawa suna tuna cewa En'e tana da baitulmalinta, kuma da harajin talakawa da jangalin shanu take rayuwa. An ci gaba da karɓarsu har gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan sun hau mulki a 1979. Babu mai kewar wulaƙancin da aka sha wajen karɓar haraji. Sai dai tun da kuɗin suka koma zuwa daga sama, mutane suka daina ganin su a matsayin nasu, abin da aka yi musu ya zama kyauta maimakon haƙƙi.

Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, da sunanta. Shekara da shekaru kuɗin ba sa zuwa sakatariya kai tsaye. Suna faɗawa asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, a cire albashin malaman firamare, da kason masarautu, da fansho, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙa wa shugaba abin da ya saura. Shi ya sa za ka ga ciyaman da ake cewa an turo wa ƙaramar hukumarsa ɗaruruwan miliyoyi yana zarya a ma'aikatar ƙananan hukumomi yana neman izinin gyaran aji biyu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, kuma a Kano da Kaduna da Jigawa jam'iyyar gwamna ce ta lashe kujerun shugabanni kaf. Watanni da yawa bayan hukuncin ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi. A ganina ko an fara biya kai tsaye gobe, shugaban da gwamna ya ɗauko ya ɗora ba zai ce masa a'a ba, sai in ya san akwai idon mutanen gari a kansa.

Cikin sakatariyar ma, ba ciyaman kaɗai ke juya akala ba. Kansiloli su ne majalisa, su ke zartar da kasafi da dokokin cikin gida, ba su da hurumin ba da kwangila. Ainihin shawarar kashe kuɗi a wani kwamiti ake yanke ta, na kuɗi da al'amuran yau da kullum, inda shugaba ke zama da mataimakinsa da kansilolin gudanarwa da sakatare da shugabannin sassa. A jihohi da dama daraktan ma'aikata da ma'aji ne ke sa hannu a fitar da kuɗi, su kuwa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke turo su, ita ke da ikon ɗauke su. Shugabanni suna zuwa suna tafiya, waɗannan suna nan, kuma su suka san inda kowane fayil ya kwana.

Sai batun sanin ƙofar da za a buga. Kasuwa, tashar mota, maƙabarta, mayanka, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa na cikin gari, tsarin mulki ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma. Babban titin Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna na gwamnatin tarayya ne, ko an zagi ciyaman shekara ba zai cike rami ɗaya a kansa ba. Makarantar firamare tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma kowace makaranta ya kamata a ce tana da kwamitin iyaye da mutanen gari. Ƙaramin asibiti yana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke da ikon sanin abin da ya shigo asusunsa. Ɗan majalisa kuma doka yake yi, ba shi da baitulmali. Aikin mazaɓa da yake liƙa wa hotonsa kuɗin gwamnati ne da aka sa a kasafin wata ma'aikata, shi ya sa hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci take bin sawun irin waɗannan ayyuka tun 2019.

Idan kun gano ƙofar, ku je da takarda. A rubuta ta da sunan ƙungiyar unguwa, shafi ɗaya ya wadatar: ga matsalar, ga inda take, ga yawan gidajen da ta shafa, ga abin da ake nema. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, in da hali hakimi ya ɗora nasa. A yi kwafi biyu a kai ofishin rajista, ba a miƙa wa wani hadimi a bakin ƙofa ba. Akawun zai buga hatimi ya rubuta kwanan wata a kan duka biyun, ya riƙe ɗaya ya ba ku ɗaya. Kada ku bar wurin ba tare da taku ba, ko da an ce muku mai hatimin ya fita sallah. Ku zauna a benci ku jira shi. Daga nan takardar za ta shiga fayil, masinja ya ɗauka daga tebur zuwa tebur, kowane jami'i ya yi ɗan rubutu a ƙasa ya tura wa na gaba. Wani lokaci wani ya rubuta haruffa uku, KIV, wato a ajiye tukuna, fayil ya koma kabad ya yi ta shan ƙura. Bayan mako biyu mutum biyu su koma da kwafin su tambayi lambar fayil da teburin da yake kai. Ba a buƙatar hayaniya. Jami'in da ya ga kuna riƙe da kwanan wata ya san ba za ku manta ba. Kuɗin da ake cewa a bayar don fayil ya motsa kuwa cin hanci ne, kuma wanda ya bayar sau ɗaya ya buɗe wa kansa ƙofar da ba ta rufuwa.

Haka nan duk kuɗin da za ku biya hukuma, na rumfar kasuwa ne, ko na takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko na izinin gini, ku karɓi rasit mai lamba da sunan hukumar. Inda aka ce a biya ta banki, kada a tura asusun wani mutum ko da shi ne shugaban sashen. Masu sayar da takardar ɗaukar aiki sun cuci matasa ba adadi. Mutum ya sayar da gonar gado ya karɓi takarda, ranar tantance ma'aikata a ce sunansa ba ya ko'ina. A harkar fili kuma, dokar 1978 ta ba gwamna ikon ba da shaidar mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Takardar ciniki mai hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta hana a wayi gari a ce wurin hanya ce ko filin makaranta. Kafin a biya, a je hukumar filaye a duba taswira.

Idan an yi biris da ku, akwai inda za a ɗaukaka magana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo wajen kai mata ƙara. Majalisar dokokin jiha tana da kwamitin karɓar koke. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi da ke miƙa wa majalisa rahoto, rahoton da kusan ba mai neman ganinsa.

Kira na ga ƙungiyoyin unguwa, da limamai, da malaman makaranta, da ƙungiyoyin mata: kafin a fara rubuta kasafin baɗi, ku zauna ku fitar da buƙata ɗaya ko biyu da kowa ya yarda da su, ku rubuta, ku kai, ku karɓi hatimi. Ku naɗa mutum biyu da za su riƙa duba abin da aka turo wa ƙaramar hukumarku duk wata, su faɗa wa jama'a adadin a bainar kowa. Tawagar godiya kuma a dakata da ita sai ranar da aka ga ɗan kwangila ya sauke kayan aiki.