Ɗalibai da Duwatsun Damina a Yammacin Indiya

Yau za mu leƙa gaɓar tekun yammacin Indiya, inda a farkon watan Yuni iskar damina ke tasowa daga Tekun Arabiya ta fara sauke ruwa a jihar Kerala, bayan kamar kwana goma ta iso Mumbai, a yi ta sheƙawa har watan Satumba. A cikin watannin nan huɗu Indiya ke samun fiye da kashi 70 cikin ɗari na ruwan shekararta. A daidai lokacin da ake tsammanin kowa ya ja ƙofa ya zauna a ɗaki, sai ka tarar da tashoshin jirgin ƙasa na Mumbai da Pune cike da ɗalibai da asubahin Asabar, kowa da jakar goyo da rigar ruwa, sun nufi Karjat ko Kasara ko Lonavala don hawan dutse na yini ɗaya ko biyu. Kowace damina sai an rasa rayuka a wannan harka, kowace damina kuma sai an ji masu cewa a hana ta ɗungurungum. A ganina hanin kuskure ne, domin yawon nan makaranta ce da aji ba ya maye gurbinta, kuma haɗarin da ke ciki iri ne da ake iya ragewa da tsari.

Mu fara da ƙasar kanta. Jerin tsaunukan da ake kira Ghat na Yamma, waɗanda mutanen jihar Maharashtra ke ce wa Sahyadri, sun miƙe kusan kilomita 1,600 a gefen teku, tun daga iyakar Gujarat har ƙurewar kudu. Iska mai ɗauke da laima ta taso daga teku sai ta ci karo da wannan katanga, dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta a nan. Shi ya sa garin Mahabaleshwar da ke bisa tudu kan sami ruwa wajen milimita 6,000 a shekara, alhali Pune da ke bayan tsaunin, tafiyar 'yan sa'o'i a mota, abin da take samu yawanci bai kai 800 ba. Kowane ɗalibi ya karanta wannan a darasin labarin ƙasa. Amma wanda ya hau daga ɓangaren teku hazo na rufe masa ido, matsattsaku na maƙale masa a ƙafa, ya gangara ta gabas ya ga ciyawa ta gajarce, sama ta washe, shi ya san abin da ƙafarsa. A waɗannan duwatsun ne manyan kogunan kudancin Indiya ke ɓuɓɓugowa, Godavari da Krishna da Kaveri. Godavari na tasowa a Trimbakeshwar, kamar kilomita 80 kacal daga Tekun Arabiya, amma sai ya juya wa tekun baya ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,400 zuwa gabas. Matashin da zai zama injiniyan ruwa ko malamin gona gobe, ya kamata a ce ya taɓa tsayawa a inda ruwan famfon garinsu ya faro.

Ba darasin ruwa kaɗai ake ɗauka ba. Yawancin hanyoyin da ɗaliban Maharashtra ke bi suna ƙarewa ne a tsoffin ganuwoyin da ke kan duwatsu, irin su Lohagad da Rajgad da Torna da Raigad, inda aka naɗa Shivaji sarauta a 1674. Wanda ya ga rijiyoyin da aka fafe cikin dutse don tara ruwan damina ya gane yadda dakaru ke zama a can har rani. A ƙasa kuwa, a gaɓar Konkan, ɗalibi na shiga jirgin ƙasan da aka kammala layinsa a 1998, mai gadoji kusan 2,000 da ramukan ƙarƙashin dutse fiye da 90, ya ga yadda ake rage masa gudu duk damina saboda zaftarewar ƙasa. Ya sauka a ƙauyen masunta ya tarar an ja jirage an ɗaure a tudu, domin daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli an hana manyan jiragen kamun kifi fita don kifi ya hayayyafa. Mu da muka san ruwan Indiya a finafinai, inda jarumi ke rawa cikin yayyafi, wannan ita ce fuskarsa da ba a cika nuna mana ba: wata biyu mai gida ba ya shiga teku, iyali na cin busasshen kifin da aka tanada.

To, sai babbar hujjar masu son hani, kuma hujja ce mai nauyi. Ruwan wannan yanki ba abin wasa ba ne. A ranar 26 ga Yulin 2005 Mumbai ta sha milimita 944 cikin sa'o'i 24, kusan abin da Kano ke samu a shekara guda. A kan dutse kuwa, rafin da aka tsallaka da safe bai kai idon sawu ba yana iya kai wa mutum ƙirji da la'asar, saboda ruwan da aka yi can sama wanda na ƙasa bai ma gani ba. Haka ta faru a ƙarshen Yunin 2024 kusa da madatsar Bhushi a Lonavala, inda ruwa ya tafi da mutum biyar 'yan gida ɗaya, yawancinsu yara, jama'a na kallo ba yadda za su yi. Uwar da ta ga hoton wannan abin ta hana ɗanta fita, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai in an duba yadda irin waɗannan mace-macen ke aukuwa, kusan hanyarsu ɗaya ce: shiga cikin ruwa a bakin magangara, tsayawa a gefen kwazazzabo don ɗaukar hoto, bin layin dogo zuwa magangarar Dudhsagar mai tsayin mita 310 a iyakar Goa da Karnataka, ko fita a ranar da hukumar yanayi ta riga ta ba da jan gargaɗi. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya hanawa ɗaya bayan ɗaya, a wuri kaza, a rana kaza, ba tare da an kulle tsauni gaba ɗaya wata huɗu ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Bala'in da ya fi cin rayuka a waɗannan duwatsun bai shafi masu yawo ba, mazauna wurin yake ci. A Malin, cikin Yulin 2014, dutse ya zaftaro kan ƙauye da sassafe ya kashe mutum wajen 150. A Irshalwadi, ƙauyen da ke gindin wani dutse da masu hawa suka sani sarai, haka ta sake faruwa da dare a Yulin 2023. A Wayanad ta Kerala, a ranar 30 ga Yulin 2024, an rasa fiye da mutum 200. Tun a 2011 kwamitin masanin muhalli Madhav Gadgil ya ba da shawarar a taƙaita fasa dutse da haƙar ma'adinai da manyan gine-gine a wuraren da ƙasa ba ta da ƙwari. Jihohi suka ƙi, aka kafa kwamitin Kasturirangan wanda a 2013 ya rage yankin kariya zuwa kashi 37 cikin ɗari na tsaunukan, shi ma aka yi ta fitar da daftari ana jan ƙafa shekara da shekaru. Hana yaro mai jakar goyo hawa ya fi sauƙi a kan hana mai kamfani fasa dutse, shi ya sa hanin farko ke fita cikin kwana guda. Su wa za su matsa wa gwamnati lamba a kan na biyun, in ba waɗanda suka taka wuraren suka ga gefen tsauni da aka yanke ba?

Wani zai ce ai su kansu masu yawon ɓarna suke yi, kuma a nan na yarda da shi rabi. Tun da hotunan Instagram suka tallata wasu hanyoyi, akan ga ɗaruruwan mutane sun yi cirko-cirko a matattakalar da aka sassaƙa don mutum ɗaya, robobin ruwa da ledoji na bin rafi. Dajin nan kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2012, yana da halittun da ba a samu ko'ina, kamar wani kwaɗo mai launin shunayya da sai a 2003 masana suka bayyana shi, domin a ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, 'yan kwanaki kawai yake fitowa da damina. Amma an riga an gwada magani a tudun Kaas, inda furanni ke buɗewa a ƙarshen damina: aka ƙayyade yawan masu shiga a rana, aka sa sayen tikiti tun kafin zuwa, aka ba mutanen ƙauyukan kusa aikin tsaro. Irin wannan ne ya dace da sauran hanyoyin.

Kada kuma a manta da mai sayar da shayi da gasasshiyar masara a gindin dutse, da matar da ke dafa wa baƙi abinci a gidanta, da saurayin ƙauye da ke jagora. Ranar da aka rufe hanya su ne ke kwana ba ciniki. Saurayin nan kuma shi ya san rafin da ke cika farat ɗaya da dutsen da ke santsi, don haka wajabta ɗaukar ɗan jagora daga ƙauyen a hanyoyi masu wuya zai tsare rai ya kuma bar kuɗi a wurin. Jami'o'in Mumbai da Pune da sauransu, inda 'ya'yanmu ma ke zuwa karatu, suna iya ɗaukar nauyin koya wa ɗalibai karanta gargaɗin hukumar yanayi, da barin suna da lokacin dawowa a wurin wani kafin a tashi, da juyawa gida in ruwa ya canza launi ya fara ɗauko ganye da itace, domin alamar ke nan cewa ambaliya na tafe daga sama.